Daga Kazaure Zuwa Ƙofar Mata: Kallon Pillars a Farkon Kaka

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, amma wuƙar ba ta taɓa harkar ƙwallo ba. Kano Pillars ta girmi Jigawa da shekara guda. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyin WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North aka kafa ta, lokacin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa duk suna cikin Jihar Kano. Har gobe a wannan kusurwa, in an gaji da musun Arsenal da Barcelona a gidan kallo aka dawo kan ƙwallon gida, "Sai Masu Gida", kirarin Pillars, za ka fi ji. Jigawa na da tata Golden Stars, sai dai Dutse ta yi wa mutumin Kazaure nisa, hanyar da aka fi bi zuwa can ma sai ta ratsa Kano.

A 'yan shekarun nan gasar Firimiyar Najeriya kan fara ne a ƙarshen damina, shi ya sa tafiyar ke da daɗi. Duwatsun Kazaure sun yi kore shar, gero ya sunkuyar da kai, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama. Motar da na shiga da hantsi ta bi ta Dambatta, ta wuce Kunya, ta faɗa cinkoson manyan motocin hatsi na Dawanau. Samari ne a kujerar baya, biyu da riga ruwan ɗorawa ta Pillars. Ɗaya ya ce daga Roni ya kwana a Kazaure don kada ya makara. Tun daga tasha suke jera sunayen waɗanda za a fara da su, ba su daidaita ba har muka sauka a Ƙofar Ruwa muka nemi adaidaita sahu.

Filin wasa na Sani Abacha yana Ƙofar Mata, kusa da tsohuwar marinar da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Ba ƙaramin fili ba ne a tarihi: an buga gasar matasa ta duniya ta 1999 a cikinsa, da Kofin Afirka na 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009. A bakin ƙofa kuwa ba mai zancen wannan. Mai rake na fere, mai gasasshiyar masara na fifita, yara na yawo da fiya wata da zoɓo, layin tikiti ya miƙe ya karkace. Aka kira la'asar, jama'a suka yi sahu a inda suka samu, ana sallamewa aka ruga, don ƙarfe huɗu ake take leda.

Wasan farkon kaka daban yake. Teburi bai nuna komai ba tukuna, kowa na ganin bana tasa ce. Ɗan kallo bai zo lissafin maki ba, ya zo duba kaya ne, kamar mai taya rago a kara: wannan sabon ɗan bayan yana da ƙirji? Golan nan yana fita kama kwana ko liƙewa yake a raga? An ce an ɗauko wani daga kudu, to ina yake? Ƙwallon kanta ba ta gama nuna ba. Ana ba da fasin inda ba kowa, 'yan gaba na faɗawa satar gida, bayan hutun rabin lokaci numfashi ya fara gaza wasu. Amma in aka yi taɓa-taɓa uku masu kyau a jere, filin gaba ɗaya sai ya miƙe, kalangu da kakakin roba su ruɗe.

Wani dattijo mai jar dara ne a gefena, rediyo manne a kunne yana bin sauran wasanni. Da ya ji daga inda muka taso sai ya juyo wajen saurayin Roni.

"Yaro, ka san Al Ahly?"

"Na sani, Baba."

"To mu muka fitar da su a 2009, suna riƙe da kofin Afirka. Sai Heartland ta Owerri ta tare mu a kusa da ƙarshe."

Daga nan ya kwance jakarsa: kofin lig na 2008, sai uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, sai Kofin Aiteo na 2019 da aka ɗauko a Kaduna da bugun fenariti. Ya tuna Ahmed Musa yana ɗan siririn yaro a gefen layi, kafin ya tafi Turai, kafin ya zura wa Ajantina biyu a 2014 da Aisland biyu a 2018. Rabi'u Ali kuwa, wanda ake kira Pele, Baba bai yarda a haɗa shi da kowa ba.

Ana cikin haka alƙalin wasa ya hana wani bugu da jama'a suka ga fenariti ne. Nan take yanayi ya juya. Zagi ya tashi, ledojin ruwa suka fara sauka a gefen fili, mai ɗaga tuta ya ja da baya. A nan ne hankalina kan tashi. Shekara 12 Pillars ta yi ba a doke ta a gida ba a wasan lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Abin alfahari ne, amma ya bar wa wasu gurguwar fahimta, wai baƙo ba shi da hurumin tafiya da ko maki ɗaya daga Kano. A Amurka ƙungiyar besbol kan buga wasa 162 a kaka, don haka wanda aka ci a watan Afrilu yakan kaɗe riga ya tafi gida. Mu 38 ne tsakanin ƙungiyoyi 20, kowane maki da nauyinsa, na yarda. To ai wannan ne ma dalilin da ya sa bai kamata a zubar da shi da hannu ba.

An kuwa zubar. A kakar 2022 an zabtare wa Pillars maki saboda hargitsi, ƙarshe ta faɗa rukunin 'yan dagaji, sai a 2023 ta dawo. A Oktoban 2025, kaka na ɗanya, 'yan kallo suka afka fili bayan kunnen doki da Shooting Stars ta Ibadan. Aka ci tara, aka cire maki uku, aka kai wasannin gida Katsina. Mai rake da mai masara su ma sun biya kuɗin laifin da ba su yi ba.

Ran da na je dai Allah ya kiyaye, manya suka tsawatar, aka ci gaba da wasa har aka tashi lafiya. A hanyar komawa, kafin mu kai Dambatta duhu ya yi, samarin nan na ta sake buga wasan da baki.

Mutanen Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, kuɗin motar ba asara ba ne, ku zo ku ga ƙwallo da idonku maimakon ta gilashi. Ku kuma 'yan Kano da filin ke bakin ƙofarku, don Allah ku bar alƙali ya fita da ƙafarsa. Akwai masu yin tafiyar fiye da sa'a guda don minti 90 ɗin nan.