Aji Biyar, Amma Baƙi Ya Gagara

Wata Asabar a zangon da ya wuce, mu 'yan ƙungiyar jarida ta makarantar nan mun taru a zauren gidan su ɗayanmu a Fagge muna shirya abin da za mu liƙa a wannan allo. Muna cikin yankan kwali sai ƙanin mai masaukinmu ya shigo da ruwan leda. Ɗan aji biyar ne a firamare. Don wasa kawai ɗayanmu ya miƙa masa takarda ya ce, "Ƙanena, karanta mana kanun nan." Yaro ya riƙe takarda, ya jujjuya ta, ya yi murmushi, ya ce, "Yaya, rana ce ta kashe min ido." A cikin zaure muke, babu wata rana. Muka fashe da dariya, ban da yayansa.

Dariyar ba ta kai mu gida ba. Mako na gaba muka tara yaran layin, wani abokinmu kuma ya zo da na gidansu daga Sabon Gari. Muka rubuta baƙaƙe a kwali ɗaya, kalmomi a na biyu, ɗan labari mai layi huɗu a na uku. Kaɗan ne suka kai ga labarin. Akwai wata yarinya mai tallar gyaɗa a bakin Kantin Kwari: in ka ba ta naira 1,000 ka sayi ta 350, kafin ka rufe baki ta ƙirga maka canjinka. Da muka rubuta mata wannan lissafin a takarda, sai ta tsaya tana kallonmu. Akwai kuma yaron Sabon Gari da yake jin Ibo a gida, Hausa a titi, broka a kasuwa. Harshe uku a bakinsa, ko ɗaya ba ya karantawa. Amma ka ce ya rera abin da malaminsu ya rubuta a allo jiya, zai zubo maka shi tas, don hadda ya yi.

Da farko mun ɗora laifin a kan korona. Mu kam ta taɓa mu: an rufe makarantu a watan Maris na 2020, ba mu koma ba sai Oktoba, kuma da yawanmu waɗancan watannin a shagon iyaye suka ƙare. To amma waɗannan yaran bayan korona suka fara karatu sosai. Abin da yake cinye musu kwanaki shi ne talla da safe, zazzaɓi da damina, da ajin da ya cika har malami bai san sunan na baya ba. Yaro ya rasa harafi a aji ɗaya, a wuce da shi aji biyu, manhaja ta yi gaba, shi yana nan inda aka bar shi.

Muka kai maganar ga malamin da yake kula da ƙungiyarmu, muka ce, "Malam, shin babu kuɗin da ake warewa don irin waɗannan yara?" Ya ce akwai, ya kuma sa mu bincike. Ga abin da muka samo. A 2015 an fara wani shiri mai suna NIPEP da tallafin dala miliyan 100 daga asusun ilimi na duniya na GPE, a jihohi biyar: Kano, Jigawa, Kaduna, Katsina da Sakkwato. Wani ɓangare na kuɗin kai tsaye yake shiga asusun makarantun firamare, kwamitin SBMC, wato na iyaye da malamai da dattawan unguwa, shi yake tsara yadda za a kashe. A 2017 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 611 don shirin BESDA a jihohi 17, har da tamu. A watan Yuni na 2024 kuma gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Amma wanda ya fi jan hankalinmu ƙarami ne. Sunansa KaLMA. An gwada shi tun daga 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa da kuɗin gwamnatin Birtaniya, tare da hukumar SUBEB da cibiyar British Council. Dabarar daga Indiya aka aro ta, wajen wata ƙungiya mai suna Pratham. 'Yan aji huɗu zuwa shida ake gwadawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a raba su gwargwadon abin da suka iya, a ajiye zancen aji gefe. Wanda bai san baƙi ba ya zauna da irinsa, mai haɗa kalma ya zauna da masu haɗa kalma. Da Hausa ake farawa. Kayan aikin ba su wuce alli, kati da tsinke na ƙirga ba. In yaro ya ƙware a mataki ɗaya, a matsar da shi gaba. Da muka karanta wannan sai muka kalli juna, don kwalayenmu uku na zaure kusan gwajin ke nan, ba mu sani ba.

Ga inda muke da magana. Idan tallafi ya zo makaranta, abin da ido yake gani shi ake rigen yi: fenti, ƙofa, benci. Ba mu raina ko ɗaya ba, mun zauna a ƙasa mun san daɗin benci. Sai dai fenti ana ɗaukarsa hoto, karatun yaro ba a ɗauka, shi ya sa yake zuwa ƙarshe a jerin buƙatu. Da mu ne a kwamiti, da mun nemi a liƙa takarda biyu a ƙofar kowace firamare: ɗaya ta faɗi nawa aka karɓa da abin da aka saya, ɗaya ta faɗi yara nawa ne suka tashi daga baƙi zuwa kalma a wannan zangon. Iyayenmu 'yan kasuwa ne. Babu mai shago a Kwari ko Singa da zai zuba jari bai tambayi riba ba. A Sabon Gari kuma sai an yi tunanin yaron nan mai harshe uku, don dabarar da ta yi aiki a ƙauyen da kowa Hausa yake yi ba lallai ta zauna daidai a ajin da ake jin harsuna biyar ba.

Mu faɗi gaskiya kuma, 'yan'uwa ɗalibai: a cikinmu akwai waɗanda suka shigo aji ɗaya na sakandare a haka, suna ɓuya a bencin baya, suna kwafar littafin maƙwabci. Biyu daga cikin masu rubuta wannan sun amsa da bakinsu. Malamanmu ma sun san su.

Yanzu duk Asabar bayan la'asar muna zama da yaran a zauren nan, awa ɗaya. Kwali muke roƙa a shagunan atamfa, alli kuma Malam ya ba mu. Mai gyaɗa ba ta zuwa sai ta sayar, don haka sau da yawa rabin awa take samu. Wanda yake da ƙane ko ƙanwa a firamare, ya miƙa masa takarda yau da daddare ya ji. In ya ce rana ta kashe masa ido, ku same mu a ajinmu lokacin tara. Namu ƙanen ya wuce baƙi, yana kan kalmomi masu gaɓa biyu. Makon jiya ya tsayar da yayansa a titi ya karanta masa "Fagge" a jikin wani allo, ya tsaya a kan "g" ɗin nan biyu har sau uku kafin ta fito.