Ba Kowace Juma'a Ake Gane Ta Tun Laraba Ba

Ranar Lahadi, 17 ga Satumba, 2017, samarin gundumar Keri da na gundumar Deri suka kara a filin wasa na Croke Park da ke birnin Dablin, a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Gelik ta matasa ta ƙasar Ailan. Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallo ce da ake bugawa da ƙafa, ana kuma kamawa da hannu, mutum goma sha biyar kowane ɓangare. A dokar lokacin, idan ƙwallo ta shiga raga maki uku ke nan, idan kuwa ta bi ta saman sanda tsakanin turaku biyu, maki ɗaya. Ba a biyan 'yan wasa albashi, kowa gundumarsa yake wa wasa. Tun 1929 ake wannan gasa, ita kuwa kakar 2017 ita ce ta ƙarshe ta 'yan ƙasa da shekara 18, domin daga 2018 aka mayar da ita ta 'yan ƙasa da 17.

Yaran Deri ba da sa'a suka zo wurin ba, domin sai da suka cinye gasar lardinsu na Ulster, suka kuma kayar da Dablin a wasan kusa da na ƙarshe. Amma tun kafin a cika minti ɗaya da busa usur, kyaftin ɗin Keri, wani saurayi mai suna David Clifford, ya jefa musu ƙwallo a raga. Kafin a tashi ya jefa huɗu, ya kuma ci maki huɗu ta saman sanda, wato maki 16 shi kaɗai, alhali kuwa duk 'yan Deri 11 suka samu. Keri ta tashi da 35, ta ɗauki kofin karo na huɗu a jere.

Adabi ne ya kai ni ga wannan wasa. Shekaru da dama ina nazarin waƙoƙin Seamus Heaney, wanda ya sami kyautar Nobel a 1995, shi kuwa haifaffen karkarar Deri ne. Son sanin ƙasar da ta haifi mawaƙin shi ya sa na riƙa bibiyar labarinta, har na kalli hoton wannan wasa a intanet. Masu sharhi duk Clifford suke yabo, sun kuwa yi gaskiya. Ni dai idona yana kan yaran da aka ɗora wa nauyin tare shi. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ko sha takwas, ga iyayensa da mutanen garinsu a cikin 'yan kallo, ga ƙasa baki ɗaya tana kallo a talabijin, ana wuce shi kamar an wuce turke, kuma dole ya koma ya tsaya a wurinsa ya jira a sake. Abin ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A kan Clifford karin maganar ta zauna daram, domin ya ci kofin manya tare da Keri a 2022, aka kuma zaɓe shi gwarzon shekara a 2022 da 2023. To, amma wanda ya yi wa yaran Deri hukunci da Larabarsu ta 2017, da ya ce su nemi wata sana'a. Ga kuwa abin da ya biyo baya. A 2022 manyan Deri suka ɗauki kofin Ulster, wanda rabonsu da shi tun 1998, suka sake ɗauka a 2023. A shekarar ne suka haɗu da Keri a wasan kusa da na ƙarshe, a filin nan dai na Croke Park. Keri ta sake yin nasara, amma da ratar maki biyu kacal, inda a da 24 ce. Conor McCluskey, ɗaya daga cikin 'yan bayan da suka sha wuya a hannun Clifford a 2017, yana cikin wasan, kuma a ƙarshen kakar aka sa sunansa cikin fitattun 'yan wasa goma sha biyar na ƙasar.

Abin da ya sa wannan labari ya shafe ni shi ne aikina. Duk shekara nakan sami ɗalibi ɗaya ko biyu waɗanda alƙalaminsu ya nuna tun suna ajin farko. Waƙarsu ta farko ma sai a karanta ta a gaban jama'a. Irin waɗannan ba su da wuyar ganewa, kowane malami zai gan su. Wahalar aikin tana wajen sauran: wanda ya kawo labari aka mayar masa da shi jajir da jar tawada, da wadda ta tashi karanta waƙarta muryarta ta sarƙe, 'yan aji suka yi dariya. Da yawa daga cikinsu daga ranar suke ajiye alƙalami, mu kuwa malamai sai mu ɗauka dama can ba su da baiwa, alhali ba mu ga kome ba sai rana guda daga cikin rayuwarsu.

Su mutanen Deri ba su yar da yaransu ba. Sun koma ƙungiyoyin garuruwansu da makarantunsu suka ci gaba da atisaye, ƙannensu kuma na biye. A gasar matasa ta 2020, wadda annobar korona ta sa aka ƙarasa ta a 2021, Deri ta doke Keri da maki ɗaya a wasan ƙarshe, ta sake ɗaukar kofin a 2023 da 2024.

Saboda haka, ɗalibin da ya aiko da rubutunsa ga wannan mujalla bai ga sunansa ba, ya karɓi takardarsa, ya zo ofis mu zauna mu duba ta layi-layi, ya sake aikowa baɗi. Mu ma malamai mu rage saurin yanke hukunci, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.