Ɗan ƙarfen da ke lilo a bayan Hilux

Shekara uku wani matashi a Agadas ya yi yana tara kuɗi kafin ya mallaki tsohuwar Hilux. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, masu irin wannan mota ke neman abinci da jigilar ruwa da mai da mutane ta cikin hamadar Tenere. Burinsa a ɗaga masa bayanta don kada cikinta ya riƙa sharar rairayi idan ta sha kaya. Sai ya sayo sabbin sifirin masu lanƙwasa sosai, ya kai garejin ƙanen mahaifiyarsa.

Sifirin na baya fallayen ƙarfe ne da aka ɗora bisa juna kamar baka. Kansa na gaba a ɗaure yake da jikin mota. Na baya kuwa yana rataye ne a wani ɗan gajeren ƙarfe mai lilo, domin duk lokacin da nauyi ya danne bakan, miƙewa yake yi, tazarar da ke tsakanin kawunansa biyu ta ƙaru. Wannan maratayi ke ba shi wurin miƙewar.

Da aka ɗaura sabbin, dattijon ya nuna masa maratayin ya tsaya cak, alhali kamata ya yi ƙasansa ya ɗan karkata baya. Lanƙwasar da ta ƙaru ce ta jawo shi gaba. Idan taya ta faɗa rami a haka, yana iya kifewa gaba ya maƙale, sifirin ya rasa wurin motsi har falle ya karye.

"Kawu, mu sa dogo mana, ta ƙara tsawo," in ji matashin.

"Ɗana, in ka ƙara santimita 5, wajen rabinsa za ka gani a tsawon mota, tunda taya a tsakiyar bakan take. Sauran ladan kuwa jijjiga ce."

Dogon maratayi yana juya aksil kaɗan, kusurwar da farfela ke haɗuwa da shi ta sauya, mota ta kama rawa a guje. Saboda haka suka mayar da sifirin, aka ba su wanda tsawonsa ya dace da lanƙwasarsa, suka bar maratayin asali. Dattijon ya ɗaga motar har tayoyin suka yi reto, ya tabbatar tiyon birki bai ɗame ba. Ya kuma hana a ƙarasa ɗaure kusoshin maratayi sai da aka sauke ta a ƙasa, don robar da aka matse a sama murɗewa take yi idan nauyi ya hau, ba ta daɗewa take yagewa.

Matashin ya ji haushin kwana huɗun da ya rasa, abokan tafiyarsa sun wuce. Kawun bai yi masa dogon wa'azi ba. Ya dai tuna masa cewa tsakanin Agadas da Dirku tafiyar ɗaruruwan kilomita ce babu gareji, kuma idan mota ta tsaya a can, ruwan da ke bayanta ne adadin kwanakin mutanen da ke kanta.

Ranar tafiya ya miƙa masa sifana, ya ce a zangon farko ya shiga ƙarƙashi ya sake matse kusoshin da suka rungume aksil, domin sababbin fallaye sukan zauna, kusoshin su saki. Da suka yada zango da magariba, fasinjoji na haɗa shayi, shi yana kwance a rairayi da tocila a baki. Biyu daga cikin kusoshin sun karɓi ɗauri.