Waƙar da kowace mace za ta iya ɗauka

A Tsanyawa ta zamanin ƙuruciyarmu ba a tambayar yarinya ko tana da murya kafin a sa ta cikin waƙa. In dai ta iya tafi, ta shiga. Da kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, an gama cirar gyaɗa, farin wata na fitowa dandali zai cika. Mu tsaya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta ba da waƙa mu amsa, wata ta fito tsakiya ta juya baya ta faɗo jikinmu, mu cafe ta mu cilla sama, ta dira da ƙafafunta. Gaɗa ke nan. Wahalar duk tana kan mai ba da waƙa: ita za ta riƙe baitoci, ita za ta saka sunan saurayin wance, ta yi wa wance habaici yadda ba za a kama ta da laifi ba. Amshi kuwa gajere ne, ba ya hawa can sama, ba ya nutsewa ƙasa. Baƙuwar da ta zo hutu daga 'Yankamaye ko Bichi, kafin a zagayo kanta ta riga ta haddace shi.

Da na girma na gane cewa wannan sauƙin da gangan aka gina shi, kuma sai gwani ke iya gina shi. A wurin gwaggona, ƙanwar babana, na ga haka da idona. Ita ce mai kiɗan ƙwarya a unguwarmu, kowane biki ko suna sai an aika mata da goro. A tsakar gida ake yi, maza na waje. Ta cika baho da ruwa, ta kife babbar ƙwarya a kai, ta ƙwanƙwasa da ɗan karan hannunta ta saurara. In sautin bai yi mata ba sai ta ɗaga gefen ƙwaryar kaɗan, ta saki iska ko ta ƙara, har ya zauna inda take so. Sannan ta dubi matan da ke zaune a kan tabarmi, tsofaffi da amare da masu goyo, kamar mai auna tuwon da zai ishi gida. Wata rana yayata ta ɗauko waƙa da murya sama ƙwarai, don ita Allah ya ba ta. Gwaggo ta ɗora tafin hannunta a kan ƙwarya, kiɗa ya tsaya. Ta ce, "Ke 'yar nan, sauko da ita. Su Inna ba za su kai can ba." Yayata ta sauko, aka sake ɗauka, kakarmu da haƙoranta suka zube ta amsa da ƙarfinta har da guɗa. A wajen Gwaggo, waƙar da ta bar mutum ɗaya a baya ba ta yi ba.

Haka waƙar daka take, ana lugude ana numfashi tare da taɓarya. Haka ta niƙa, wadda mace ke yi ita kaɗai a kan dutse da asuba, ta faɗa wa uwar miji ko kishiya abin da ba ya faɗuwa da rana. Da azumi ya kai goma kuma mu fita tashe, mu yi Mairama da Daudu gida-gida. Da kaset ya shigo, muryar Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa da ta Uwaliya Mai Amada suka zauna a ɗakunan iyayenmu kamar 'yan gida, saboda daga irin wannan tsakar gidan suka fito. Muryar Barmani mai kauri ce, tana tafiya daidai da maganar yau da kullum, mace na shara tana bin ta ba tare da ta ajiye tsintsiya ba. Da ta rasu a 2013 na ga tsofaffin da ba su taɓa ganin ta ido da ido ba suna yi mata addu'a kamar 'yar uwa.

Waƙar Indiya ce ta fara raba mu. A gidan kawuna a Kano na fara ganin fim ɗin Indiya a talabijin, lokacin tashar CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa tana tashe. Na dawo gida da waƙoƙin a kaina, ba na jin ko kalma ɗaya ta yaren, amma ina son su har zuciyata, kuma har gobe ina son su. Sai dai muryar Lata Mangeshkar siririya ce, tana hawa inda maƙogwaron yawancinmu ba ya zuwa. Mu taru mu gwada, wasu su kai, wasu su shaƙe su yi tari, a yi musu dariya. A nan na fara jin an ce wance ba ta da murya, kuma wadda aka faɗa wa haka na ga ta koma gefe ta zama 'yar kallo. Da finafinan Hausa suka ƙarfafa, musamman bayan Sangaya a 1999, kiɗan fiyano ya mamaye ko'ina, mawaƙan mata suka bi wancan salon na sama, daga baya kwamfuta ta zo tana gyara murya a sutudiyo. Injin niƙa ya kwantar da dutse da waƙarsa. A biki yanzu lasifika ce ke waƙa, mata na rawa baki a rufe.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance, 'yar ƙanwata ce ta nuna mini yadda mutanen Japan ke yi. Can ne karawoke ya samo asali. A garin Kobe wani makaɗi mai suna Daisuke Inoue ya haɗa na'urarsa a 1971: kiɗa ba murya, kai za ka sa taka. Daga baya suka koma hayar ƙananan ɗakuna ana biya bisa awa, ƙawaye su shiga su rufe ƙofa su rera abinsu ba idon baƙo. Matan can har neman waƙoƙi masu sauƙi suke yi kafin ranar fita, waɗanda ba su da hawa da sauka da yawa, ba su da gudu, amshinsu na maimaituwa, don kada su ji kunya gaban abokan aiki. A jikin na'urar akwai maɓallin da ke saukar da kiɗan ya yi daidai da muryar mai waƙa. Wannan maɓallin shi ne aikin da Gwaggo ke yi da tafin hannunta, ɗakin da suke biya kuwa mu kyauta muke da shi a tsakar gida. Na ji daɗin ganin ƙasar da ta fi mu na'ura ta damu da macen da muryarta ba ta kai ba, har ta yi mata tanadi. Mu da muka gaji wannan tanadin muna barin sa yana zubewa.

Har yanzu akwai tsofaffi a Tsanyawa da Gurun da Tatsan da ke riƙe da waƙoƙin gaɗa da na niƙa da na raino cike da ka, ba mai tambayar su. 'Yan matanmu, wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku je wurin kakanninku ku ce su rera muku, ku ɗauka, kuma kada ku tsaya a ɗauka, ku amsa musu. Ku kuma mawaƙanmu na Kano, in za ku tsara amshi, ku sauko da shi inda su Inna za su kai.