Maiduguri Bayan Rufe Sansanoni: Ina Mace Za Ta Kwana?

Duk wanda ya shiga Maiduguri ta hanyar Damaturu da hantsi zai ga birnin da ya farfaɗo: tituna masu faɗi, gadar sama, inuwar darbejiya, ga hada-hada a Monday Market kamar ba a taɓa yaƙi ba. Amma Yerwa tana da wata fuskar da ba ta bayyana sai bayan isha'i, lokacin da mata ke shimfiɗa kwali a rumfunan kasuwa da kangwaye da gefen tashoshin mota, da yara goye a bayansu.

Da yawansu daga sansani suka fito. A kan hanyar Damboa akwai rukunin gidajen Bakassi, inda dubban mutanen Gwoza da Monguno da Marte suka yi shekaru suna gudun hijira, har gwamnatin Borno ta rufe shi a ƙarshen 2021. Wasu sun koma garuruwansu. Wasu kuwa, musamman zawarawa da waɗanda mazansu suka ɓace, sun narke cikin birni. Sai kuma madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya cinye ɗakunan haya masu araha a unguwanni irin su Gwange.

Sansanin ma ba aljanna ba ne. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanoni bakwai na birnin. Sai dai a can mace tana da kati, tana da lambar tanti, ana iya nemo ta. A kango kuwa babu ƙofar da za ta rufe, babu rajistar da ke ɗauke da sunanta.

Doka tana nan, domin Borno ta amince da dokar VAPP mai hana cin zarafi. Magani ma yana nan: wadda aka yi wa fyaɗe, idan ta isa asibiti cikin sa'o'i 72, za a ba ta maganin kariya daga ƙanjamau. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da za ta nufa bayan an sallame ta. Sau da yawa kangon za ta koma, kusa da wanda ya cuce ta. Wace shari'a za ta bi, alhali ba ta da adireshin da za a aika mata takardar kotu, ba ta da kuɗin Keke Napep, ba ta da wanda zai riƙe mata yara?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan ko ɗakin ba su da shi. Birnin da ya iya gina gadar sama ba zai gaza gina gidajen fakewa na mata ba, masu karɓar mace da 'ya'yanta ko da tsakar dare, ba tare da tambayar kati ko miji ba. Attajirai masu neman inda za su yi waƙafi, ga wuri.