Kiɗan bayan isha'i

A Ajingi nake aiki, a Gaya nake kwana, babur ke kai ni ya dawo da ni. Da hunturu nakan iso gida ƙura har cikin haƙora, ƙarar injin na yawo a kaina. Sai na yi isha'i, na gama lazimina, yara sun kwanta, sannan in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in kunna kiɗan Mamman Sani a waya, ƙasa-ƙasa.

Mutumin Nijar ne. A 1978 ya naɗi kiɗansa a Yamai da fiyanon lantarki ƙirar Italiya. An daɗe ana sa shi a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013.

Abin da ya ja ni, babu kirari, babu wanda ake wasawa. Amo ɗaya ne ke tafiya yana dawowa, kamar mai kiwo ya sako dabbobi gida ba gaggawa. Numfashina kan bi shi. Lissafin kuɗin taki da na mai ba sa gushewa, amma sukan ja gefe su zauna.

Uwargida ta ce kiɗan sauro ne. Na ƙyale ta, don ita ke riga ni barci idan yana tashi. Sau da yawa sai da asuba nake tarar da wayar ta mutu a kan tabarma.