Ciwon da muka kira lalaci

Shekara bakwai muna ce wa wana raggo. Ni ma ina cikin masu faɗi, shi ya sa nake rubuta wannan.

A gidanmu na Tabotaki, wanda rana ta iske bisa tabarma lokacin damina ya shiga bakin mutane. Shi kuwa Yaya, tun yana da shekara 19, tashin safe ya zame masa aiki. Sai ya dafa bango, ya daɗe a duƙe, ƙugu da baya sun sandare kamar icce. In ya kama noma jiki ya yi zafi, sai ka ga ya saki, har ya wuce mu a kuyya. Wannan ne ya hana mu yarda da shi. Baba yakan ce: "Ciwon ga da ka tahiya in an kai gona, shi dawo in an kwanta, wane irin ciwo na?" Inna ta ce sanyi ne. Aka yi ƙaho, aka yi sakiya, aka sayi ƙwayoyin ƴan talla ranar kasuwa har fuskarsa ta kumbura. Ya tafi bida Abijan, ya dawo wuya ba ya juyawa sosai.

Bara na kai shi wajen wani lokotoron gaɓoɓi a Yamai, ni ne tafinta. Kafin a yi radiyo, tambayoyi ya jero. Da wace shekara ciwon ya fara? Yana tada shi a ƙarshen dare? Sandarewar safe tana wuce minti 30? Motsi yana rage ta ko hutu? Ido ya taɓa yin ja da zafi? Ina fassarawa jikina yana mutuwa, don duk amsoshin muna da su a gida tun shekara bakwai. Abin da muka riƙe hujjar lalaci shi ne babbar alamar cutar.

Ya rubuta sunanta: spondylarthrite ankylosante. Ɗalibin ilimin harsuna ba ya ganin doguwar kalma ya ƙyale ta, sai na feɗe ta. Duk daga Girkanci take: spondylos ƙashin baya, arthron gaɓa, ankylos abin da ya tanƙware, ɗafin ƙarshe na -ite kuma yana nufin kumburi mai zafi. Mu muna cewa sanyi, ashe wuta ce ke cin gaɓoɓin da ke haɗa ƙashin baya da ƙugu. In ta daɗe, jiki yakan toho sabon ƙashi a wurin, ƙasusuwan su manne, har a hoto su yi kama da gora.

Na shiga karatu a kai. Likitoci uku, Bechterew na Rasha, Strümpell na Jamus da Pierre Marie na Faransa, su suka bayyana cutar tsakanin 1893 da 1898. A 1973 masu bincike a Landan da Los Anjalas suka gano alaƙarta da wata alamar gado da ake gani a gwajin jini, HLA-B27, wadda kusan tara cikin goma na Turawa masu cutar ke ɗauke da ita. A yankinmu lissafin bai tafi haka ba. Wani bincike na 1997 a Gambiya ya iske kashi 6 cikin ɗari na Fulanin da aka gwada suna da alamar, amma ba a sami mai cutar ko ɗaya ba. A Togo kuma, a 2002, an ga masu cutar da wata alama daban, HLA-B14. Ke nan gwajin jinin Ba'adare zai iya fitowa babu komai, alhali ciwon na nan. Tun 2009 ma'aunin likitoci ya karɓi hoton IRM, wanda ke nuna kumburi cikin ɓargon ƙashi shekaru kafin radiyo ya ga wani abu. To, manomin Buza ko Keita, ina shi ina IRM?

Abin da ya rage mana mai araha shi ne magana. Nan ne abin ya shafe mu. Kalmar "sanyi" ta haɗiye ciwon tsufa, da gajiyar ɗaukar dutse, da tarin fuka na ƙashin baya, da wannan cuta, alhali kowanne da maganinsa. In majinyaci ya ce "sanyi", tafinta ya ce "rhumatisme", an rufe zance, an rubuta maganin zafi, an kira na gaba. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: muna da sandarewa, ƙagewa, tsami, zugi, kumburi. Tambayar da za ta fito da su ce ba a yi.

Yanzu Yaya yana shan maganin rage kumburi bisa umurnin lokotoro, yana motsa baya da ƙirji kowace safiya, ya bar taba don tana ƙara cutar. Akwai allurai masu ƙarfi da aka fara amfani da su a 2003, kuɗinsu ya fi ƙarfin gidanmu. Ƙashin da ya riga ya manne kuwa ba ya rabuwa.

Ƴan uwa ɗalibai, mu ne ake ja zuwa likita don mun yi lakkwal. In ƙanenka ko wanka bai kai shekara 40 ba, bayansa na ciwo sama da wata uku, yana tashi a sandare, motsi na sassauta masa, kada ka taƙaita wa lokotoro da kalma ɗaya. Faɗi yadda mai ciwon ya faɗa, da lokacin, da abin da ke ragewa.

Da muka fito na ce: "Yaya, ka yahe mani." Ya juyo da dukan jikinsa, don wuyan ba ya zuwa shi kaɗai, ya ce: "Ba komi. Amma in mun koma gida, kai za ka hwaɗa ma Baba."